Wa Zai Zo Ya Tambaye Ka?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

 

Yau zancenmu a kan cika abin da mutum ya ɗaukar wa kansa ne. Bari in fara da tambaya. Za ka ga mace ta shekara da shekaru tana adashi, ba ta taɓa tsallake zubi ba. Amma matar nan ta sayi asusu ya fi a ƙirga, kuma babu wanda ya kai wata uku bai sha taɓarya ba. Samunta bai canza ba, hidimar gida ba ta ragu ba. Hannun da ke zuba adashi shi ne ke fasa asusu. To me ya raba su?

Haka maigida. In ya ce wa abokin cinikinsa zai kawo cikon kuɗi ranar Laraba, ko akuya zai ɗaga sai ya kai. Amma tun Sallar bara yake cewa zai koma makarantar dare, zai bar taba, zai ta da katangar da ta zube kafin ruwa ya sauka. Ruwa ya sauka, ya ɗauke, katanga na nan kwance. Ba wanda zai kira mutumin nan maƙaryaci. Yana cika wa kowa alkawari, ban da mutum ɗaya, wato shi kansa.

Mu leƙa cikin gida ranar zubi mu ga yadda abin yake. Hantsi ya dubi ludayi, sai ga yarinyar uwar adashi ta yi sallama da ɗan littafi a hannu.

"Wai in ji Inna, a ba da zubi."

"Je ki ce ina gaishe ta. Yau kam abin ya ɗan yi wuya, ta yi mini haƙuri zuwa jibi."

"Ta ce in faɗa miki yau kwasar mai jego ce ta gidan liman, kuma gobe suna."

Shiru na ɗan lokaci. Sai uwar gida ta kwance bakin zani, ta ƙirga abin da ke ciki, bai kai ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko cinikin ƙuli-ƙulin jiya ta cika, ta miƙa. Yarinya ta yi alama a littafi ta wuce gida na gaba.

Kuɗin da ta ce babu, ashe akwai. Ba kuma ƙarya ta yi ba, don da asusu ne ke jira, da wannan kuɗin ya tafi wajen magi da omo kafin la'asar. Abin da ya fito da shi shi ne alkawarin adashi yana da rana, yana da adadi, yana da mai zuwa karɓa, sannan saɓa shi akwai jin kunya a idon mutanen da ake gaisawa da su kullum. Alkawarin da mutum ya yi tsakaninsa da zuciyarsa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saboda haka abin da nake so mu fita da shi daga shirin yau guda ne: duk burin da ka ɗauka da gaske, kada ka bar shi a zuci. Ka ba shi rana, ka ba shi adadi, ka kuma samo masa wanda zai zo ya tambaye ka.

Wani zai ce, ai wannan raunin zuciya ne, mai himma ba ya buƙatar a tsaya a kansa. To bari mu duba. Mutumin da ya kwanta da dare yana cewa da asuba zai tashi ya yi bitar karatu, da mutumin da sanyin hunturu ya tarar cikin bargo da asubar, jikinsu ɗaya amma ra'ayinsu ba ɗaya ba ne. Na dare yana hangen jarrabawa, na asuba ɗumin bargo kawai yake ji. Haka ɗan Adam yake ko'ina a duniya: abin da ke gaban ido ya fi wanda ke nesa nauyi a zuciya, ko da na nesan ya fi amfani.

Masana tattalin arziki uku, Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson, sun ga wannan a wajen manoman masara na yankin Busia a yammacin Kenya. Manoman sun san takin zamani na ƙara amfanin gona, kuma in ka tambaye su da kaka, yawancinsu za su ce baɗi da taki za su yi noma. Amma in lokacin sa taki ya zo, kuɗi sun bi ta wata hanyar. Kun san yadda abin yake: ga biki, ga kuɗin makaranta, ga ɗan'uwa ya zo da lalura. Sai aka gwada wata dabara. Ana gama girbi, kuɗi na hannu, sai a je wa manomi har gida a ce ya biya kuɗin takinsa yanzu, a farashin kasuwa ba ragi, a ba shi takarda, in lokaci ya yi a kawo masa takin kyauta ba kuɗin dako. Manoman da suka sa taki suka ƙaru sosai. Abin mamaki, ƙaruwar ta yi kusan daidai da wadda aka samu lokacin da aka jira damina ta yi nisa sannan aka karya farashin takin da rabi. An wallafa wannan aiki a 2011, kuma biyu daga cikinsu, Duflo da Kremer, suna cikin waɗanda suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019.

Manomin ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga wannan hikima. Tun a kaka ake zaɓen zangarniya mai kyau a ware ta a matsayin iri, don an san in ta shiga cikin hatsin ci, turmi ba ya bambancewa. Haka rumbun tsimi, wanda ake rufewa ba a taɓa shi sai an shiga lokacin da hatsi ke wuya. Maigidan da ya rufe rumbun nan ba ɓarawo kaɗai yake tsoro ba, har da hannunsa. Ya yanke hukunci ranar da yake ƙoshe, don ya san ranar kwaɗayi ba zai iya yanke shi ba. Shi ya sa Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

(Ɗan kiɗa)

Masu saurare, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda mutum zai cika alkawarin da ya yi wa kansa.

Yanzu mu tafi tsangaya, don ban san wata makaranta da ta fi ta iya kai mutum ƙarshen doguwar tafiya ba. Haddace Alƙur'ani aiki ne da in ka hango shi gaba ɗaya sai gwiwa ta yi sanyi. Amma ba wanda ake cewa ya je ya haddace Alƙur'ani. Allo ɗaya ake ba ka. Gardi ya zauna da tawada da alƙalami ya rubuta, ya kai darasu, a bi rubutun harafi bayan harafi, inda wasali ya kauce a gyara. Ya koma gefe ya yi ta maimaitawa, da dare a bakin wuta, da asuba kafin gari ya waye. Sannan ya zo ya durƙusa gaban alaramma.

"Allah ya gafarta malam, na kawo."

"To, bismillah."

Ya fara, ya yi nisa, ya ɗan yi tuntuɓe, ya koma baya, ya sake tuntuɓe a wuri guda.

"Bai zauna ba. Je ka, gobe ka dawo da shi."

Ba zagi, ba dogon wa'azi. Amma allon nan ba zai ga ruwa ba sai malam ya ji da kunnensa. Almajiri ba shi da ikon ya ce wa kansa, ai na iya, bari in wanke. Ku yi lissafi tare da ni. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, ka ga sumuni 480 ke nan. Wanda Allah ya ba ikon riƙe sumuni ɗaya a rana, kwana biyar a mako, ya huta Alhamis da Juma'a, cikin mako 96 ya kai ƙarshe, bai cika shekara biyu ba. Ba kowa ke da wannan kaifin ba, ga kuma tilawar baya da ke cin nata lokacin, shi ya sa da yawa sukan ɗauki shekaru. Amma ko mai sauri ko mai nawa, hanyar ɗaya ce: ɗan kaso kaɗan, a lokaci sananne, da kunnen da zai saurara.

Batun lokaci sanannen nan, kada ku raina shi. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Jamus, Peter Gollwitzer, shi da abokiyar aikinsa sun roƙi ɗaliban jami'a da za su tafi hutun Kirsimeti su rubuto rahoton yadda suka yi bikin cikin kwana biyu. Wasu an bar su da niyyarsu kawai. Wasu kuwa an sa sun faɗi tun kafin su tafi a wane lokaci za su zauna su rubuta, kuma a wane wuri. Cikin waɗanda suka sa lokaci da wuri, fiye da kashi biyu cikin uku sun cika. Cikin sauran, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai. An wallafa wannan a 1997. Ba wanda aka tsorata. Bambancin kawai shi ne wasu sun ce za su yi, wasu sun ce ga yaushe, ga kuma inda.

To ɗalibi, daina cewa za ka dage da karatu. Ka ce bayan sallar Isha'i, a zaure, shafi huɗu na lissafi. Hajiya, maimakon "zan riƙa motsa jiki kamar yadda likita ya ce", ki ce bayan sallar Asuba, kafin a ɗora koko, zagaye goma na tsakar gida. Mai shago, maimakon "zan fara tari", ka ce duk daren da na rufe, naira dubu ɗaya ta fita daga aljihun tebur kafin in sa kwaɗo. Ka ɗaura sabon aiki a jikin abin da ka riga ka saba, kamar salla ko rufe shago, yadda in wancan ya zo zai jawo wannan. Kuma mu ce in sha Allahu, don gobe ta Allah ce. Sai dai kada mu mai da kalmar nan mafakar lalaci, yadda in an ce wa tela "yaushe zan zo?" ya ce "in sha Allahu", kai da shi duk kun san ba ranar.

Sai maganar wanda zai tambaye ka. A nan akwai wani rami da mutanen zamani ke yawan faɗawa. Saurayi ya yi niyyar koyon ɗinki ko gyaran waya, tun bai taka ƙofar shagon ba ya sa a Facebook, ya sa a WhatsApp. Nan da nan sai addu'o'i da kirari: "Sai kai!" "Allah ya taimaka, oga!" Ya kwanta yana jin daɗi kamar ya riga ya ƙware. Ya ci ladan aikin tun bai yi ba, to me kuma zai tashe shi da sassafe? Shi dai wannan Gollwitzer da abokan aikinsa sun gwada haka a 2009 da ɗalibai masu burin zama lauyoyi. Waɗanda aka nuna musu an ga niyyarsu ta dagewa, da aka ba su aikin nazarin shari'o'i, ba su daɗe a kai ba kamar waɗanda ba a kula da tasu niyyar ba. Tsofaffinmu da ke cewa a rufe baki har abu ya nuna, suna da hujjarsu.

Saboda haka shela daban, kafa shaida daban. Mutum ɗari da za su yaba maka yau su manta gobe ba su kai mutum ɗaya da zai tare ka ranar Asabar ya ce, "Ina aka kwana?" ba. Kuma ba kowa ake ba wannan matsayi ba. Kada ka zaɓi yaron shagonka ko ƙanen da kake ciyarwa, don ba zai iya kallon idonka ya ce ka gaza ba. Kada ka zaɓi wanda zai kai ka majalisa a yi dariya. Ka nemi wanda kake jin nauyinsa kuma yake son ka da alheri: malaminka, yayarka, amininka na ƙuruciya, ko matarka in kun saba gaya wa juna gaskiya. Ka faɗa masa abin da ka ɗauka, da ranar da zai tambaye ka, da abin da za ka nuna masa. In tari ne, ya ga alat a waya ko ya ƙirga da hannunsa. In karatu ne, ya buɗe littafi ya yi maka tambaya. "Ana ƙoƙari" ba amsa ba ce.

In da hali ma a rubuta. Ku tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ce da sa masa wa'adi da kafa shaidu. Muminai aka umarta da haka, mutanen da ba a zargin gaskiyarsu, domin mantuwa da son kai ba sa barin kowa. In bashin da ke tsakaninka da ɗan'uwanka ya cancanci takarda, wanda kake bin kanka ma bai fi ƙarfin takarda ba.

Likitoci ma sun zo kan wannan gaɓa. Maganin tarin fuka wata 6 ake sha. Amma bayan 'yan makonni tari ya lafa, jiki ya fara dawowa, sai mai jinya ya ga ai ya warke ya ajiye magani. Cutar ta dawo, wani lokaci ta dawo da taurin kan da maganin farko ba ya jin ta. Shi ya sa tun shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaɗa tsarin da wani, ko ma'aikacin asibiti ko wani amintacce, zai riƙa ganin mai jinya ya haɗiye ƙwayar da idonsa. Ku duba fa, ran mutum ne a kan layi, amma duk da haka an ga yana buƙatar idon wani. To ina ga burin da bai kai rai ba?

(Ɗan kiɗa)

Jama'a, bayan rana da adadi da mai tambaya, wani burin yana buƙatar kwaɗo. A shekarar 1991, a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a wani tsari da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Mata ne ke haɗuwa duk mako, kowa ta zuba abin da aka amince, a ba mai buƙata rance ta juya ta dawo da shi, in zagaye ya cika a raba uwa da riba. A irin waɗannan ƙungiyoyi za ka ga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku daban-daban, akwatin kuma na ɗakin ta huɗu. Ba ya buɗuwa sai a gaban kowa. Wadda ta makara akwai tara. Wannan tsari da ya tashi daga ƙasar Hausa yau ya bazu ƙasashe da dama a Afirka har da wajenta. Kwaɗon nan uku ba ɓarawo kaɗai suke tsarewa ba. Suna ba mace bakin da za ta ce wa mai zuwa roƙo, ko ɗanta ne ko maigida, "Wallahi ba a hannuna suke ba", kuma gaskiya ta faɗa.

A tsibirin Mindanao na ƙasar Filifin, wasu masana uku, Nava Ashraf da Dean Karlan da Wesley Yin, sun haɗa kai da wani ƙaramin banki aka buɗe asusun da mai shi ne zai ɗaure kansa: ba zai cire ko kwabo ba sai ranar da ya sa ta cika, ko kuɗin sun kai adadin da ya yanka. Ba a ƙara masa wata riba a kan asusun da aka saba ba. Duk da haka kashi 28 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tayin suka karɓa, kuma bayan shekara guda ajiyar rukunin da aka yi wa tayin ta ɗara ta waɗanda ba a yi wa ba da kashi 81 cikin 100. An wallafa sakamakon a 2006.

Har manyan marubuta sun yi wa kansu irin wannan tarko. A 1830, Victor Hugo na Faransa ya saɓa alkawarin mai buga masa littafi har an sa masa sabon wa'adi da tara. Da ya ga yawon gari zai kashe shi, sai ya kulle tufafinsa na fita, ya lulluɓa da wani ƙaton mayafin ulu, ya zauna gida shi da kwalbar tawada. A watan Janairun 1831 ya kammala littafin, wanda shi ne Notre-Dame de Paris. Ban ce kowa ya kulle rigunansa ba. Amma ɗalibin da ya miƙa wa mahaifiyarsa wayarsa daga Magariba zuwa ƙarfe goma, dabarar ɗaya ce.

Sai dai a yi hattara, daidai ruwa daidai tsaki. A Kenya, Pascaline Dupas da Jonathan Robinson sun raba wa 'yan adashi akwatunan ƙarfe don tara kuɗin kayan kiwon lafiya, irin su gidan sauro. Wasu an bar musu makulli a hannunsu, wasu kuma makullin na wajen jami'in shirin. Kowa zai zaci na biyun za su fi tarawa. Ba haka aka gani ba. Masu makulli a hannu su suka fi cin moriya, don waɗancan suna tsoron zuba kuɗi inda in yaro ya kwana da zazzaɓi ba za su iya ɗauka ba. Ashe in ɗauri ya yi tsanani, mutum gudunsa yake yi. Kada ka ɗauki zubin da ya fi ƙarfin samunka don a ce kai ma wani ne. Ka bar ƙofar lalura ta gaskiya, amma ka faɗa wa mai tambayarka tun farko mece ce lalura. Asibiti lalura ce. Ankon biki ba lalura ba ce.

A nan zan ja kunnen 'yan'uwana maza a kan rantsuwa. Wani in abu ya ishe shi sai ya ɗauko Alƙur'ani ya dafa, ko ya ce in ya ƙara yin kaza, a bakin aurensa. Wannan ganganci ne. Rantsuwar da aka karya tana da kaffara: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su ko 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Aure kuwa ba abin jingina ba ne, matarka da 'ya'yanka ba su suka sa ka shan taba ba. In tara kake so ka sa wa kanka, sa wadda za ta yi maka zafi ba tare da ta rusa gida ba. Ka ce duk makon da na saɓa, zan kai mudu biyu na hatsi makarantar allon unguwa, kuma amininka ne zai raka ka.

To in an faɗi fa? Don za a faɗi. A nan ne yawancin buri ke mutuwa. Mutum ya yi kwana ashirin yana abu, rana ɗaya baƙi suka zo ya tsallake, sai ya ce shi ke nan, ya lalace, sai kuma bayan Salla. A wata jami'a da ke Landan, Phillippa Lally da abokan aikinta sun bi mutum 96 da kowannensu ya ɗauki wani sabon abu zai riƙa yi kullum. Sun tarar kafin abu ya zama jiki, wani kwana 18 ya ishe shi, wani kuwa lissafi ya nuna sai ya kai kwana 254, matsakaici dai wajen kwana 66. Sun kuma tarar tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Saboda haka wanda ya ce maka cikin mako uku komai zai zauna, bai gaya maka daidai ba. In ka ga wata biyu sun wuce kana fama, ba kai kaɗai ba ne. In jiya ta kuɓuce, kama yau, kuma kada ka ɓoye wa mai tambayarka. Ranar da ka fara yi masa kwana-kwana, ranar ce ka koma kai kaɗai.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a Ihya'u Ulumiddin a kan yadda mutum zai bi da ransa kamar yadda ɗan kasuwa ke bi da abokin tarayyarsa. Da safe a gindaya sharaɗi, da rana a sa ido, da dare a zauna a yi lissafi, a ga an ci riba ko uwar kuɗi ce ta taɓu, in an yi sakaci a tsawata wa rai a kuma rama. Shi a kan aikin lahira yake magana, amma duk ɗan kasuwar Kwari ko Kurmi ya san wanda ba ya lissafin dare, karyewarsa ba ta sallama. Ka sami ɗan littafi irin na 'yan makaranta. Kowane dare, kafin ka kwanta, ka sa alama: na yi, ko ban yi ba. Ba sai ka iya boko ba, ajami ya isa, zane ma ya isa. Wannan littafi shi za ka miƙa ranar tambaya, kuma sannu a hankali za ka ga ka fara jin nauyin idonka kamar yadda kake jin na wani.

Lokaci na neman ƙwace mana. Ga aikin gida. Kafin ka kwanta yau, zaɓi buri ɗaya, ɗaya tak, cikin waɗanda suka daɗe suna jiranka. Yanko abin da za ka iya yi a mako guda, ko ranar da jiki ba daɗi. Sa masa lokaci da wuri. Gobe ka je wa mutumin da ka zaɓa, ka ce, "Don Allah ranar kaza ka tambaye ni."

Ku kuma da za a zo wa da wannan roƙo, ku san amana aka ba ku. Wanda ya zo ya buɗe muku rauninsa ya girmama ku. Kada ku manta ranar, kada ku kai zancen waje, kada kuma kunya ta sa ku ce "ba komai" alhali da komai. In ya cika, ku sa masa albarka. In ya gaza, ku tambaye shi abin da ya hana, ku taya shi rage kayan in sun yi nauyi, sannan ku sa wata ranar.

A nan za mu dakata. Allah ya ba mu ikon cika abin da muka ɗauka, ya sa mu gama da duniya lafiya. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Allah ya kai mu.  

(Kiɗan rufe shiri)